Gani Bai Kori Ji Ba

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma a yawancin al'amuran duniya maganar tasu dutse ce, gama wanda ya ga giwa da idonsa ba ya bukatar a tsaya ana siffanta masa haurenta. Amma akwai wani irin gani wanda ba ya korar ji, sai ma ya tayar wa mutum da ƙishirwarsa, ya hana shi sakat sai ya nemo labarin abin da ya gani. Irin wannan ganin nake so mu tattauna da mai karatu a wannan mako, ta kan waɗansu hotuna 64 da wani mai zane na ƙasar Ingila, Arthur Rackham, ya yi a shekarun 1910 da 1911, domin ƙawata littafin wasan waƙa na wani Bajamushe mai suna Richard Wagner.

Tun da wuri in faɗa, ni ba makaɗi ba ne, ban kuma taɓa riƙe buroshin fenti da sunan zane ba. Sana'ata ɗab'i. Na yi shekara 30 da ɗoriya a wata maɗaba'a a Ikko, a sashen da ake rarrabe launuka kafin a buga hoto, har ƙarfin ido ya ragu na ajiye aiki. Saboda haka idon da nake duban waɗannan hotuna da shi idon ma'aikacin ɗab'i ne, wanda ya san irin doguwar tafiyar da ke tsakanin zanen da ya bar hannun mai shi da hoton da ya iso hannun mai karatu.

Shi dai Wagner an haife shi a birnin Leipzig cikin 1813, ya mutu cikin 1883. Aikinsa tsara irin wasan da Turawa ke kira opera, watau wasan kwaikwayo wanda ba a yin magana a cikinsa sai da waƙa, ga kuma makaɗa kusan ɗari suna biye da mawaƙan. Babban aikinsa shi ne Zoben Nibelung, wanda ya fara rubutawa cikin 1848 bai gama ba sai 1874, shekara 26 ke nan. Wasan kashi huɗu ne, ana yin sa cikin dare huɗu, in an haɗa duka ya kai kimanin awa 15. Labarin kuwa ya tsinto shi ne daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na zamanin da suke bautar gumaka, waɗanda aka rubuta a tsibirin Aisilan a ƙarni na 13, da kuma wata doguwar waƙar Jamusawa ta wajen shekarar 1200.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. A ƙarƙashin kogin Rayin akwai wata zinariya wadda 'yan ruwa uku, dukansu mata, suke tsaro. Duk wanda ya ƙera zobe da ita zai mallaki duniya, amma da sharaɗin ya rantse ya rabu da ƙauna har abada. Wani wada mummuna, Alberik, ya nemi 'yan ruwan suka yi masa dariya, sai ya la'anci ƙauna, ya sace zinariyar, ya ƙera zoben, ya mai da 'yan'uwansa wadanni bayi masu haƙa masa dukiya. A can sama kuma Wotan, sarkin gumakan, ya sa waɗansu samudawa biyu, wa da ƙane, sun gina masa fada, ya yi musu alkawarin ladan da ba shi da niyyar biya. Da suka matsa masa, sai ya yaudari Alberik ya ƙwace zoben da dukiyar ya biya su da abin sata. Alberik ya ɗora wa zoben la'ana, cewa duk wanda ya riƙe shi ajalinsa ne. Ba a bar wurin ba ɗaya basamuden, Fafna, ya kashe ɗan'uwansa a kan rabo, ya kwashe dukiyar ya shiga kogo, ya rikiɗa ya zama dodo ya kwanta a kanta, bai ci ba, bai bai wa kowa ba.

Sauran labarin na mutum biyu ne. Ta farko Burunhilda, 'yar lelen Wotan, ɗaya daga cikin 'yan'uwa mata tara masu sulke da kwalkwali, waɗanda ke hawan dawaki ta sararin sama suna kwasar jaruman da suka faɗi a fagen fama. Ta saɓa wa ubanta saboda tausayin wani jarumi da aka umarce ta ta bari ya mutu, sai uban ya hukunta ta da barci a kan dutse, ya kewaye dutsen da wuta. Na biyu Sigfirid, maraya, ɗan wancan jarumin, wanda wani wada maƙeri mai suna Mime ya rena a daji. Yaron bai san abin da ake kira tsoro ba. Ya haɗa gutsattsarin takobin ubansa ya sake ƙera shi, ya kashe dodon, jinin ya taɓa harshensa ya fara jin maganar tsuntsaye, ya ɗauki zoben, ya keta wutar ya tada Burunhilda, kuma a nan ne, gaban mace mai barci, ya fara sanin tsoro. Daga baya Hagen, ɗan Alberik, ya sa aka ba shi wani abin sha ya manta da ita, aka shiga tsakaninsu da makirci, har Hagen ya soke shi da mashi ta baya. Burunhilda ta sa aka tara itace aka ɗora gawar, ta hau dokinta ta faɗa cikin wutar. Kogi ya yi ambaliya, 'yan ruwa suka karɓi abinsu, fadar Wotan ta ƙone ƙurmus da duk waɗanda ke cikinta. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanenmu, Wagner kuwa dare huɗu ya ɗauka yana faɗin haka.

Kada mai karatu ya ɗauka yabon mutumin nake yi. Wagner mutum ne mai girman kai da cin bashi, ga muguwar ƙiyayya ga Yahudawa, wadda ya bayyana a rubuce tun cikin 1850. Bayan mutuwarsa da shekaru Hitler ya rungumi kiɗansa, ya riƙa zuwa gidan iyalinsa kamar ɗan gida, har waɗansu masana suna ganin siffar wadannin nan biyu ba ta rasa nasaba da waccan ƙiyayya ba. Wannan tabo ne da ba ya wankuwa, kuma ya kamata duk mai sauraron kiɗan ya san da shi. Abin mamaki dai shi ne, labarin da ya tsara yana la'antar ainihin abin da masu riƙe da sunansa suka zo suka aikata, watau neman mulkin duniya ta hanyar kashe tausayi.

To, tsara irin wannan labari a takarda abu ne guda, nuna shi a kan dandamali kuma wani abu ne dabam. Da taimakon Sarki Ludwig na Biyu na Bavariya, Wagner ya gina gidan wasa na musamman a garin Bayreuth, ya ɓoye makaɗa a wani rami ƙarƙashin dandamali yadda 'yan kallo za su ji kiɗa ba tare da sun ga masu yin sa ba. A nan aka nuna wasan gaba ɗayansa karo na farko cikin watan Agusta na 1876. Kunne ya ƙoshi, amma ido ya sha wahala. 'Yan ruwan nan uku ɗaure su aka yi a kan waɗansu karafa masu ƙafafun amalanke, ma'aikata suna tura su ta ƙasa don a ce iyo suke yi. Mahayan sararin sama da fitilar majigi aka haska hotunansu. Dodon kuma a Landan aka yi odarsa, ya iso gunduwa-gunduwa, wuyan bai iso a kan lokaci ba, har ana ba da labari cewa wai an aika da shi Bairut ta ƙasar Labanan ne, saboda sunayen garuruwan biyu sun yi kama a baki. Wagner ya fita da tarin bashi da ɓacin rai, gidan wasan bai sake buɗewa ba sai 1882. Matarsa Cosima ta rubuta a littafin ajiyar labaranta cewa ya taɓa yin ba'a, wai tun da ya ƙago makaɗan da ba a gani, saura ya ƙago dandamalin da ba a gani.

A ganina wannan dandamalin da ba a gani, a hannun Rackham aka same shi, shekara 27 bayan mutuwar mai neman sa. An haifi Rackham a Landan cikin 1867, cikin gida mai 'ya'ya 12. Yana ɗan shekara 18 ya kama aikin akawu a wani kamfanin inshorar gobara, da dare kuma yana zuwa makarantar koyon zane ta Lambeth. Cikin 1892 ya bar akawanci ya koma zana wa jarida hotuna. Sunansa ya fito sosai cikin 1905 da littafin Rip Van Winkle, sa'an nan Peter Pan cikin 1906. Kamfanin William Heinemann ya buga masa kashi biyu na farko na Zoben cikin 1910 da hotuna 34 masu launi, kashi biyu na ƙarshe kuma cikin 1911 da hotuna 30, tare da fassarar waƙoƙin zuwa Ingilishi wadda Margaret Armour ta yi. Shi ba ruwansa da nauyin mawaƙiya ko ƙarfin igiya. Ruwa a takardarsa ruwa ne, doki ya tashi sama ba mai riƙe da shi, dodo kuma ya fito da wuyansa cikakke.

Abin da ya ba shi wannan dama wata sabuwar dabara ce ta ɗab'i, kuma a nan ne maganar ta shigo gonata. Kafin zamaninsa, in mai zane ya gama aikinsa sai a miƙa wa wani gwani ya sassaƙa shi a kan katako ko ƙarfe, saboda haka abin da mai karatu ke gani hannun mai sassaƙa ne. A ƙarshen ƙarni na 19 aka gano yadda za a ɗauki hoton zane sau uku, kowane ta bayan gilashi mai launi dabam, a kuma tace shi ta wata raga mai ƙananan idanu wadda ke farfasa shi ya zama ɗige-ɗige. Daga nan a fitar da faranti uku, na rawaya, da na ja, da na shuɗi, a buga su ɗaya bisa ɗaya. In farantin nan guda ya goce da kaurin gashi ɗaya, fuskar mutum sai ta fito da inuwa biyu. Ɗigon kuma ba ya zama daidai sai a takarda mai santsi da sheƙi, wadda ba irinta ake buga rubutu a kai ba. Don haka akan buga hotunan dabam, a yanka, a manna kowanne da hannu a kan takarda mai kauri, a rufe shi da wata shara-shara wadda aka rubuta bayanin hoton a jikinta.

Rackham ya san halin injin nan kamar yadda mahayi ya san halin dokinsa. Yakan fara da fensir, ya bi da alƙalami da baƙar tawada, ya goge fensirin, sa'an nan ya riƙa shafa fentin ruwa tsararo, shafi bisa shafi, yadda hasken takardar zai riƙa ratsowa ta ƙasa. Ya guji launuka masu ƙyalli, ya tsaya ga ruwan ƙasa da toka-toka da kore mai duhu, irin waɗanda faranti uku ke iya ɗauka ba tare da sun yi ƙarya ba. Da yake ya san layi yakan dushe wajen bugu, wani lokaci yakan sake bin zanen da tawada bayan ya gama fentin. Watau tun yana kan teburinsa, shafin littafi yake hange. Ainihin zanen akan baje shi a wani gidan nuni a Landan masu kuɗi su saye, amma aikin bai cika ba sai ya fito daga inji dubu-dubu, ya shiga gidajen da mai zanen bai san da su ba.

Ɗaya daga cikin waɗannan dubban ya faɗo hannuna cikin 1978, lokacin da maɗaba'armu ta aike ni kos na wata tara a Landan. A wani kantin tsofaffin littattafai na titin Charing Cross na ga littafi na biyu, na 1911, a cikin kwandon da ake zuba waɗanda suka lalace, kuɗinsa bai fi na abincin rana biyu ba. Na tambayi mai kantin dalilin arhar, ya buɗe ya nuna mini. Daga cikin hotuna 30, saura 19. Ya ce akwai masu sana'ar sayen irin waɗannan littattafai su ɓamɓare hotunan, su sa kowanne a firam su sayar ɗai-ɗai, domin kuɗin hotunan a warwatse ya fi kuɗin littafin a haɗe. Wanda ya fara yi wa wannan aika-aika ya zaɓi waɗanda suka fi shiga kasuwa ya bar sauran. A gurbin kowane hoto da aka cire sai takarda mai kauri wayam, da alamar gam a gefe, da shara-sharar nan mai layi ɗaya na bayani.

A lokacin ban taɓa jin sunan Wagner ba. Abin da ya ja ni aikin bugun ne, na sa gilashin ƙara girma ina duban yadda ɗigon rawaya ya zauna kusa da na shuɗi. Amma ba a jima ba hotunan suka fi ƙarfin gilashin. Ga wada maƙeri tsugune gaban uwar maƙera, fuskarsa duk baƙin ciki. Ga waɗansu mata uku a kan dutse cikin duhu suna murɗa igiya, wadda daga baya na gane igiyar ƙaddarar duniya ce, kuma ta kusa tsinkewa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Hagen zaune da dare da mashinsa yana gadi, tsohon wadan nan ubansa ya raɓo kusa da gwiwarsa yana yi masa raɗa. Ba jini a hoton, ba wuta, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda uba ke gadar wa ɗansa gaba zai gane abin da ake faɗa. Na ce a raina lalle sai na ji abin da tsohon nan ke cewa, da kuma irin muryar da yake faɗa da ita.

Haka na shiga karanta waƙoƙin, na kuma je laburaren unguwarmu na aro faya-fayen garmaho na wasan, waɗanda Georg Solti ya jagoranci ɗauka a birnin Viyana daga 1958 zuwa 1965. Daren farko ban ji komai ba sai hayaniya. Da na yi haƙuri sai na gane dabarar, ashe ba baƙuwa ba ce gare mu. Kowane jarumi yana da takensa, takobi da nasa, mashi da nasa, zobe da nasa, la'anar ma da nata, yadda in an kaɗa taken mutum ka san da shi ake, ko da ba ya wurin. Inda Sigfirid ke ƙera takobi kuwa, guduma ce ke riƙe da kiɗan, har ya tuna mini da dundufar maƙeran garinmu. Na riƙa buɗe hoto in sa faifan da ya dace da shi. Inda hoton ya ɓace kuma, sai in karanta layin bayanin, in dubi takardar wayam, in bar kiɗan ya zana mini abin da ɓarawon ya ɗauke.

Ba ni kaɗai hotunan nan suka yi wa haka ba. Marubucin nan C. S. Lewis, haifaffen Belfast cikin 1898, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1955 cewa yana ɗan makaranta ya ga sunan wannan littafi na biyu da hoto guda daga cikinsa a wata mujalla. Shi ma a lokacin bai san Wagner ba, bai san Sigfirid ba. Hoton nan ɗaya ya jefa shi cikin begen tatsuniyoyin arewacin Turai, ya bi faya-fayen kiɗan, bai huta ba sai da ya mallaki littafin da taimakon wansa. Mai karatu ya lura, abin da yaron ya gani kwafin kwafi ne, bugun mujalla na hoton da aka buga a littafi. Duk da haka ya yi aikinsa, domin ya zo da sunan labarinsa a tare da shi. Shekara uku kacal bayan fitowar littafin, Ingila da Jamus suka shiga yaƙin 1914, kuma daga nan kasuwar irin waɗannan manyan littattafai na kyauta ba ta sake komawa yadda take ba.

Rackham ya mutu cikin Satumba na 1939. Da aka cika shekara 70 da mutuwarsa, haƙƙin mallakar aikinsa ya faɗi a yawancin ƙasashe, kowa yana iya bugawa. Tun kafin nan ma, cikin 1979, kamfanin Dover na Amurka ya tattara hotunan 64 a littafi guda mai arha, kuma a nan na fara ganin guda 11 da aka raba ni da su. Waɗansu sun fi abin da na ƙiyasta kyau nesa ba kusa ba, waɗansu kuwa, gaskiya, na raina ya fi. Sa'an nan aka shiga zamanin intanet, hotunan suka bazu a jikin kalanda da riguna da kofunan shayi. Aka kuma sami wata sana'a ta kwaikwayon shahararrun zane-zane da fentin mai a kan yadi mai kauri, da hannu, gwargwadon girman da mai saye ya biya. Wurin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne ƙauyen Dafen na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, inda aka fara ta cikin 1989, har ta tara dubban masu zane.

Irin wannan kwafin babban ɗana ya yi mini oda cikin 2021, da na cika shekara 70, don ya san yadda nake ji da littafin tun suna yara. Ya zaɓi hoton Burunhilda a kan dokinta tana faɗawa wuta. Ya iso a naɗe, tsawonsa ya kusa mita guda, alhali kuwa na littafin tafin hannu biyu sun rufe shi. Yaba kyauta tukuici, na yi masa godiya na sa masa albarka, aka yi firam aka rataye a falo. Wanda ya zana shi ba ƙaramin gwani ba ne, dokin doki ne, wutar wuta ce. Amma kama da wane ba ta wane. Fentin mai yana da kauri, yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka hasken nan da ke ratsowa daga takarda babu shi. Siririn layin alƙalami, wanda shi ne ƙashin bayan aikin Rackham, buroshi ya mai da shi kauri kamar igiya. An kuma ƙara wa wutar ja da ruwan lemo don ta ɗauki ido daga bakin ƙofa. A littafi mace ce da ta gama yanke shawara, a bango kuwa ta zama jarumar sinima.

Abin da ya fi damuna ma ba launin ba ne. A littafi, kafin ka iso wannan hoto ka wuce ta daji da maƙera, ka ga alkawari, ka ga cin amana, ka ga gawa, saboda haka in ka ɗaga shara-sharar ka san abin da ya kai ta ga wutar. A bango ba gaba ba baya. Baƙi sukan dube shi su ce kai, wannan doki ya yi kyau, su zauna a ci gaba da hira. Wanda ya ɓamɓare hotunan littafina da reza da wanda ya kwafe wannan da buroshi ba halinsu ɗaya ba, na farko ɓarna ya yi, na biyu neman halalinsa yake, amma sakamakon aikinsu ya haɗu a wuri guda, sun raba hoto da labarinsa.

Bara waccan wani abokin ɗana mai harkar kayan ado ya ga littafin, ya ce tun da ya riga ya nakasa, in bari ya cire sauran 19 ɗin ya sa su a firam, ya kuma faɗi kuɗin da ya fi fanshona na wata uku. Ba zan ɓoye ba, a halin da ake ciki kuɗin suna da wurin zuwa. Na ce masa ya yi haƙuri. Dalilina kuwa wata jikata ce 'yar shekara 11, wadda ita kaɗai ce cikin masu shigowa falon ta taɓa tambayata abin da ya sa matar nan ba ta ja linzami ba. Na ɗauko littafin muka fara daga maƙerar Mime, kullum bayan la'asar hoto ɗaya ko biyu, ina ba ta labarin da Hausa, ina tsallake abin da bai dace da shekarunta ba. In mun iso gurbin da ba hoto, sai in fassara mata layin bayanin, ita kuma ta faɗa mini abin da take gani a wurin. Dodonta ya fi na Rackham ban tsoro, domin ta ba shi ƙaho da idanu huɗu. Mun yi wata guda kafin mu iso wutar, da muka iso kuwa ba ta sake tambayata zancen linzami ba.

Hoton bangon yana nan inda yake, gama kyautar ɗa ce, kuma shi ne ya jawo tambayar. Littafin kuma na riga na shaida wa iyalina wadda za ta gaje shi, da sharaɗin kada reza ta kusance shi. Roƙona ga mai karatu shi ne, in akwai wani tsohon littafi mai hotuna a akwatin gidanku, ko na wace ƙasa ne, ko da gara ta ci gefensa, a bar shi a haɗe yadda masu shi suka haɗa shi, a kuma samu yaro a zauna da shi a buɗe. Allah Ya sa mu dace, amin.